Waƙar da Ba a Yi a Gidan Inna Kulu

Makon jiya aka kai ni bikin jikata a nan Ƙaura, na dawo kaina na sarawa, zuciyata kuma ta fi kan ciwo. Wani gardi suka ɗauko, ya zo da akwatunan lasifika cike da keke napep, ya girke su a ƙofar gida, ya harɗe ƙafa yana latsa waya. Bai gaida kowa ba. Bai tambayi gidan wa ya zo ba, balle ya san wa ya mutu a cikinsa, ko wa ya yi fushi ya bar gari. Abin da ɗan yatsansa ya faɗa a kai shi yake sako wa mutane, kamar mai watsa wa kaji tsaba. Na jawo ɗiyata na ce, "Wanga mutum ya aiko an yi tambaya cikin gida kuwa?" Ta dube ni ta ce, "Tambayar mi, Inna?" Kun ji fa! Ɗiyar da na haifa da cikina, jinin makaɗa gaba da baya, ita ce take ce mini tambayar mi. Na ja bakina na yi shiru a wurin, amma yau sai na faɗa.

Gidanmu gidan kiɗa ne, a bayan tashar jirgin ƙasa. Da kukan jirgi muke tashi, da shi muke sanin rana ta yi. Ina buɗe ido sai warin ƙaro, wanda babanmu ke gogawa a izgar kukuma, da kalangai jere a rana don fatarsu ta ɗame. Aikina da safe in share tsakar gida, in ɗebo ruwa, in wanke ƙoren kiɗa in kife su, sannan in zauna gindin rediyo in haddace duk abin da aka rera. Mu dai ba mu da waƙar kanmu ko ɗaya, kuma babanmu bai taɓa jin kunyar faɗa ba. Ya kan ce, "Mu masu aro ne. Manyan mawaƙa ba su zuwa sunan ɗan talaka, to mu muke kai mashi su har ƙofar gida." Waƙa ta zo ta rediyo, ko ta bakin fasinjan jirgi, daga baya ta kaset, kafin a juya yayana Nomau ya ɗauke ta a kukuma, ni kuma na riƙe amshi. Da babanmu ya tsufa, Yaya Nomau ne ya gaji kukumar da ragamar tafiya.

Mutane na zaton wuyar aikin a murya take. Ina! Wuyarsa a zaɓi take. Abin da ke tada 'yan Ƙaura, direbobi da leburorin tasha masu son a yi zafi-zafi, in ka kai shi Shinkafi sai dillalan shanu su yi ta kallonka suna tauna goro, don su sun fi son waƙar mazaje mai tafiya a hankali, wadda baƙinsu na Nijar ma za su gane. Zurmi kuwa ka taɓo musu noma, ka ga tsoho ya yar da sanda. Yaya Nomau yana goga kukuma idonsa na kan ƙafafun mutane. In ya ga yatsu sun fara motsi a cikin takalma sai ya ƙara wuta, in ya ga an fara gyara zama ana kallon hanya sai ya sauya tun waƙar ba ta kai rabi ba. Amma duk wannan a fili ake yinsa. Babban aikin tun kafin ranar biki ake gama shi, kuma mace ce ke yi.

Muna kiransa tambaya. Duk gidan da aka gayyace mu, sai mace daga gidanmu ta riga zuwa, da ɗan goronta, ta shiga ɗakin uwar biki, su biyu kawai, ta ce, "Wace ce ba a yi a gidan nan?" Ba wadda ake so muke tambaya ba, don wannan kowa zai faɗe ta da ƙarfi a fili. Kowane gida yana da waƙar da ba ya son ji. Wani gidan, wadda marigayi maigida ya fi so ce, ana fara ta biki ya koma zaman makoki. Wani gidan, waƙar zambon gajere ce, ga shi ango bai kai kafaɗar amarya ba. Na taɓa zuwa wani gida a Badarawa, tsohuwa ta ce kada a kuskura a yi wadda ake ambaton kura, ban san dalili ba har yau. Dokar kuwa ita ce, ba ka tambayar dalili. In uwar biki ta faɗa don kanta, ya tsaya a kunnen wadda ta ji. Abin da zan kai wa Yaya shi ne waƙa kaza, shi ke nan. Shi bai tambaya, ni ban ƙarawa. Kuma ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai ce mutanen gida ne suka hana ba, don ana jin haka za a fara tonon dalili. Babanmu ya ce mana, "Sun buɗe maku ciki don sun yarda da ku. Ranar da kunka hwaɗi, ku nemi wata sana'a." Uwarmu ta yi wannan aiki, da ƙafafunta suka gaza ni na karɓa.

Da aka ba mu jiharmu ta Zamfara, kai, mun sha kiɗa har hannuwan makaɗanmu suka yi kanta. Kowa murna, kowa na da ɗan'uwan da ya samu aiki a Gusau. Ba a daɗe ba kuma Shari'a ta zo. Kada wani ya ɗauki maganata ya kai inda ban aike ta ba: ni Musulma ce, ɗiyar Musulmi, na yi kabbara tare da kowa, kuma gidajen giyan nan na bakin tasha da aka rufe, wallahi har sadaka na yi. Amma kiɗa ya tsaya cik. Masu biki suka ji tsoro, kowa na gudun a ce a ƙofarsa aka ji ganga. Yaya Nomau, mai iyali cike da gida, wanda bai iya komai ba sai kukuma, ya zauna a zaure damina ta wuce, kaka ta wuce. Sai ya ɗauko kukumar ya goge ta, ya mayar cikin jaka. Na ga ranar da matarsa ta sayar da tasoshinta na aure aka auno gero, shi kuma ya yi kamar bai gani ba.

Ana nan sai labari ya zo daga Zurmi. Wani kwamitin sa ido da mutanen wata unguwa suka kafa ya yarda a gwada mu. Sharuɗɗan su ne a yi da rana a tashi kafin magariba, maza a waje mata a ciki, ba rawa, ba waƙar banza, kuma mutum ɗaya daga cikinsu zai zauna ya saurara. In ya gamsu, zai gaya wa takwarorinsa na sauran garuruwa cewa kiɗanmu ba shi da illa. In bai gamsu ba, shi ke nan. Ni an cire ni daga amshi, tunda mace ba ta tsayawa cikin maza, ban kuma damu ba. Wadda ta matsa har aka samu wannan dama wata bazawara ce mai sana'ar ƙuli-ƙuli, Inna Kulu, za ta aurar da autarta. Danginta sun yi sun yi da ita ta sa kaset ɗin wa'azi a huta, ta ce ita mutane take so, masu kunne. Ranar da Yaya ya ji, har da gudunsa ya shigo gida, babban mutum da furfura, yana kiran makaɗa su fito da kalangai rana.

A shekarar akwai wata waƙa da ta cika ƙasar nan. Duk teburin mai kaset ita ce, duk motar haya ita ce. Labarin wani ɗa ne da ya ɓata wa uwarsa rai, ta yi masa baki, ya fita duniya, ba a dawo da shi ba sai a makara. Waƙa ce mai kyau, ba zan yi mata ƙarya ba. Ƙarti majiya ƙarfi na jin ta suna share hawaye, ta ƙare su ce a maimaita. Ga ta wa'azi tsantsa, babu malamin da zai ce uffan. Yaya ya ce da ita zai buɗe mana ƙofa, ya kuma zauna ya yi ta bitarta har maƙwabta suka haddace.

Na hau mota na tafi Zurmi yin tambaya. Na samu Inna Kulu tana tuyar ƙuli, wata 'yar siririyar mace mai yawan dariya. Ta wanke hannu, ta ja ni ɗaki, ta saki labule. Na ajiye goro na ce, "Inna, wace ce ba a yi a gidan nan?" Dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Waccan ta ɗan da uwa ta yi wa baki." Ita ce fa wadda Yaya ya dogara da ita, amma na ce, "An gama, Inna," na yunƙura zan tashi. Ta riƙe mini zane.

"Zauna, ɗiyata. Na san ba ku tambaya, amma abin ya yi mani nauyi. Kin ji ina da ɗa namiji da ya rasu a hanyar Shinkahi?"

Na ce na ji, Allah ya jiƙansa.

"Kowa ya san mota ta kihe da shi. Abin da ba a sani ba, ran da zai tahi mun yi faɗa. Ni ina son shi tsaya gonar ubansa, shi sai aikin mota. Ya ɗaga mani murya, raina ya ɓaci, na ce, tahi, kada Allah shi maido ka. Daga ni sai shi a tsakar gidan nan. Wallahi ba har zuci ba, kin san bakinmu na uwaye. Makon bai ƙare ba anka kawo mani shi cikin tabarma."

Ba ta yi kuka ba. Ta ce ko kasuwa ta daina zuwa saboda masu kaset, in mota ta wuce da waƙar sai ta toshe kunne da gyale. Ta ce, "Don haka na nace sai ku. Kaset ba a roƙonsa. Ina son in sallami autata da idona a bushe." Na ce mata ta kwantar da ranta, gidanmu ba a taɓa karya tambaya ba.

Da na dawo na samu Yaya a zaure da makaɗansa biyu. Na faɗi waƙar. Ya ce, "Ita kuwa?" Na ce, "Ita." Babban mai kalangunmu ya yi tsalle ya dire. "Haba Nomau! Ita ce fa abincinmu! A tambayi dalili mana, ko a koma a lallashi tsohuwar!" Yaya ya ce, "Ba a tambaya." Ya jawo kukuma ya fara neman wasu, ta haƙuri, ta zumunci, ta kyautata wa maƙwabci, da ta noma don 'yan Zurmi.

Ranar biki bayan azahar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka ɗaura lasifika a jikin bishiyar bedi. Mutumin kwamiti ya zo, wani dogo mai farar hula, ɗan kasuwar hatsi ne da bai daɗe da tarewa a unguwar ba. Aka ba shi kujera. Ni ina cikin zaure bayan asabari, inda nake jin waje nake kuma ganin tsakar gida. Kiɗa ya tashi, kuma wallahi Yaya bai taɓa yin kyau kamar ranar ba. Ba rawa, amma ina hango yatsun ƙafa na motsi, har na mai farar hula. A ciki mata na daka suna bin amshi ƙasa-ƙasa. Inna Kulu ta wuce ni da ƙwaryar fura tana murmushi, ta shige ɗakin amarya can ƙuryar gida don yi mata nasiha. Na ce a raina, Alhamdu lillahi, mun tsallake.

Sai bayan la'asar wani daga baya ya ɗaga murya, "A yi muna ta ɗan da uwa ta yi wa baki!" Wuri ya ɗauka, "Awo! Ita! Ita muke jira!" Yaya ya yi kamar bai ji ba, ya shiga ta noma. Da can wannan dabara na ci, amma ranar ba ta ci ba, don mai farar hula ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya.

"Malam Nomau, jama'a sun nemi waƙa. Ni ma ita nake jira tun ɗazu. Duk cikin waƙoƙin zamanin nan babu mai amfaninta. Bismillah."

"Allah shi gafarta Malam, a yi mani haƙuri da wagga. In kawo wata."

"Ba ka iya ta ba?"

Da ya ce bai iya ba, da an wuce wurin. Amma labarin bitarsa ya riga mu zuwa Zurmi, rabin mutanen nan sun san ya iya, kuma Yaya ba ya ƙarya. Ya ce, "Na iya."

"To mi ya hana?"

"Ba na yin ta yau."

"Don mi? Wani ya hana ka?"

Ina bayan asabari ina jin komai. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da abincin 'ya'yansa. Ya ce cikin gida aka hana, shi ke nan ya fita. Amma kafin magariba duk Zurmi za ta zauna lissafin abin da ya sa uwar da ɗanta ya mutu a hanya ba ta son waƙar bakin uwa, kuma ba sai an yi wa kowa bayani ba. Shi bai ma san dalilin ba, bai san abin da yake karewa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba wanda ya hana ni. Ni ne ban so."

Mutumin ya miƙe, ransa a ɓace. Ya ce dama an gaya masa makaɗa ba su da gyara, in da ta batsa aka nema da tuni an kece da ita, amma ta biyayyar iyaye ita ce ba a so. Ya ce zai faɗa wa 'yan'uwansa abin da idonsa ya gani, a naɗe kaya. Jama'a suka hau Yaya da surutu, har da masu cewa girman kai ne. Shi dai ya sa kukuma cikin jaka yana ɗaure bakinta.

To ku ji abin da har gobe in na tuna nake jin wuta a ƙirjina. Mutumin nan ya ce ba za a hana jama'a alheri don taurin kan mutum ɗaya ba. Ya aika aka ɗauko rakoda daga shagonsa, ya zaro kaset daga aljihu, ya kara abin magana a bakinta, ya ƙure murya. Bai leƙa zaure ya ce a tambayo masu gida ba. Gidan mutane, bikin mutane, ƙofar mutane! Ban ce mugu ne ba, shi a ganinsa lada yake nema. Amma wane irin lada ne wanda ba a sallama kafin a shigo da shi? Na yi kamar in keta asabarin in fita in fizge wayar, sai na tuna ina yin haka na gama tona abin da Yaya ya saya da sana'arsa. Na juya da gudu cikin gida.

Na makara. Waƙar ta riga ni, ta haye katanga ta cika tsakar gida, mata har sun fara "Allah sarki" suna bin ta. Inna Kulu na tsaye a ƙofar ɗakin amarya, ƙwaryar fura a kife a ƙasa. Ta bi ta gabana kamar ba ta san ni ba, ta shiga ɗakinta. Na bi ta ina cewa, "Inna, wallahi ba mu ba ne, kaset ne!" Ta juyo ta dube ni. Ku tuna ita ba ta ji abin da aka yi a waje ba, kuma Yaya ya kwashe wuni yana rera waƙoƙin mutane da muryoyin masu su, har ba ka bambancewa. Ta ce, "Ɗiyata, tun azahar nake jin muryar yayanki. Na san ta." Ta tura ƙofa ta sa sakata.

Na san daga baya labari ya kai mata, Zurmi ba ta da girman da za a ɓoye irin wannan. Amma me ya amfana? Ranar ba ta dawowa. Aka yi bugun duniya ba ta buɗe ba, aka ce wa baƙi zazzaɓi ne ya rufe ta. Aka fito da amarya tana waiwaye tana kiran "Inna, Inna," ƙanwar ubanta ce ta kama hannunta ta sa ta a mota. Mu kuwa daga ranar ba Zurmi, ba Shinkafi, ba Ƙaura, an ce mu ne makaɗan da suka ƙi waƙar wa'azi. Yaya Nomau ya ƙare rayuwarsa yana ɗinkin buhu a kasuwar hatsi, da yatsun nan nasa.

A hanyarmu ta komawa, muna bayan motar a-kori-kura, rana ta yi ja, makaɗa sun juya mana baya don haushi. Yaya na rungume da jakar kukuma. Sai da muka yi nisa ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Ban san dalili ba, kuma kada ki gaya mani. Abu guda nake tambaya. Ta ji?"

Na ce, "Ta ji, Yaya."

Ya goge fuska da hularsa. Can ya ce, "To. Ta dai san ba da bakina ba."

Na dubi gonakin da muke wucewa, na ce masa, "Ta sani."